Fiyanon Japan da Waƙar Hausa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura da Bunkure, in aka ce masa Yamaha, babur ne zai fara faɗo masa a rai, in kuwa ba babur ba, to janareta ko injin ban-ruwa. Amma da mai karatu zai sunkuya ya dubi tambarin da ke jikin tankin babur ɗin da kyau, zai ga wasu ƙarafa guda uku masu baki biyu-biyu an gicciya su a cikin da'ira. Irin ƙarfen nan ne da masu gyaran kayan kiɗa suke bugawa su kara a kunne don su daidaita sauti. Watau dai gidan Yamaha gidan makaɗa ne tun asali, babur daga baya ya zo, a 1955. To, tarihin wannan gida da maƙwabtansa, da yadda kayansu suka ƙetaro teku suka sauya wa waƙar Hausa kama a cikin shekaru kaɗan, shi muke so mu ɗan tattauna da 'yan'uwa marubuta, domin da yawa daga cikinmu a yau ko dai suna rubuta waƙar da za a ɗora wa kiɗan fiyano, ko kuwa suna kuka da ita.

A shekarar 1887, a wani gari na ƙasar Japan da ake kira Hamamatsu, wata makarantar firamare tana da fiyanon iska ƙirar Amurka, irin wanda ake takawa da ƙafa ana dannawa da yatsu, sai ya lalace. Aka kirawo wani mai gyaran agogo da kayan asibiti, Torakusu Yamaha, ya buɗe shi ya gyara. Da ya ga yadda cikinsa yake, sai ya ce ai shi ma zai iya ƙera irinsa. Ya ƙera, ya kai Tokiyo ya nuna wa masana kiɗa, suka ce masa sautin bai daidaitu ba. Bai yi zuciya ba, ya zauna ya koyi ilmin sauti, ya koma ya sake. Shekara goma bayan haka, a 1897, aka kafa kamfanin. Mu malaman makaranta abin yakan ba mu sha'awa, a ce kamfani mai girma haka daga lalataccen kayan makarantar firamare ya tsiro, alhali namu in sun lalace sai dai a tura su sito gara ta gama da su.

Shi kiɗan lantarki, ga inda ya sha bamban da na gargajiya. Kalangu fata ce take girgiza ta ba da amo, goge izgar doki ce, sarewa kuwa iska ce a cikin kara. Ita na'urar lantarki babu fata babu tsirkiya. Wuta ce ake sa ta tana kai da komo sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, sa'an nan lasifika ta mayar da wannan kai da komon ya zama sauti. In aka ƙara masa sauri sautin ya yi sama, in aka rage ya yi ƙasa, in kuma aka sauya fasalinsa sai ya yi kama da sarewa, ko ƙararrawa, ko wani abin da kunne bai taɓa ji ba. Turawa ne suka fara ƙera irin waɗannan na'urori, manya-manya masu ɗan karen tsada, cike da wayoyi. Wani makaɗin Japan mai suna Isao Tomita ya yi odar ɗaya ƙirar Moog daga Amurka a 1971, kuma shi da kansa ya sha ba da labarin yadda 'yan kwastan suka riƙe ta a filin jirgi, don sun ƙi yarda cewa kayan kiɗa ce. A 1974 ya fitar da faifan da ya sake kaɗa kiɗe-kiɗen wani Bafaranshe, Debussy, da wannan na'ura shi kaɗai, kuma faifan ya yi kasuwa har a Amurka.

A 1978 wasu mutum uku, Haruomi Hosono da Ryuichi Sakamoto da Yukihiro Takahashi, suka kafa ƙungiyar Yellow Magic Orchestra. Abin da ya kamata marubuci ya lura da shi game da su shi ne wayonsu. Turawa suna da wani irin kiɗa da suka ƙaga suna cewa wai na mutanen Gabas ne. Sai waɗannan samari suka ɗauki wannan kiɗan ƙarya, suka zuba shi a cikin na'ura, suka mayar wa Turawan abinsu da sigar zolaya, Turawan kuma suka saya. Sakamoto ya kai ga samun kyautar Oska saboda kiɗan da ya yi wa wani fim na 1987 a kan sarkin Sin na ƙarshe. Shi da Takahashi duk sun rasu a 2023.

Akwai kuma wani reshe da ya fi jan hankalinmu, wanda su Japanawa suke kira kankyo ongaku, watau kiɗan muhalli. A shekarun 1980 arzikin Japan ya bunƙasa ƙwarai, har ya zama kantuna da gidajen tarihi da kamfanoni suna biyan makaɗa su tsara musu sautin da zai riƙa tashi a hankali a cikin gini. Hosono ya yi wa kantin Muji irin wannan a 1984. Amma gwaninsu shi ne Hiroshi Yoshimura, wanda ya fitar da faifansa na farko a 1982, aka riƙa sa shi a gidan tarihin zane-zane na Hara da yake Tokiyo a wancan lokaci. Wanda bai taɓa jin irin wannan kiɗa ba, ya ƙaddara ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama da dare: ɗigo ɗaya, a ɗan dakata, wani ɗigon, kuma ba ka san lokacin da na gaba zai sauko ba. Babu ganga mai tayar da ƙura, babu gaggawa. Mutum yana ji sai ya ga kamar tsakanin barci da farke yake. Wata mata kuma, Midori Takada, ta yi nazarin kiɗan gangunan Afirka sosai, har ƙungiyarta ta sa mata suna Mkwaju, wanda a harshen Suwahili tsamiya ke nan. A 1983 ta shiga situdiyo kwana biyu kacal, tana kaɗa abu ɗaya ta naɗa, ta koma ta ɗora wani a kansa, har da kwalaben lemo da take hurawa. Faifan bai yi kasuwa ba, aka manta da shi. Sai bayan shekara talatin da wani abu matasan duniya suka tsinto shi a YouTube, aka sake buga shi a 2017. Yoshimura shi bai ga nasa farin jinin ba, ya rasu tun 2003.

Wannan ke nan game da abin da Japanawa suka yi da na'urar a gida. Abin da suka sayar wa talakawan duniya kuwa daban ne. Kamfanin Casio, mai agogo da kwakuleta, ya fitar da ƙaramin fiyano mai araha a 1980, Yamaha ma ta biyo da nata samfurin da daga baya aka san shi da PSR. An yi su ne don yara da masu koyo a gida, suna aiki da batir, kuma an cusa musu kiɗan ganga iri-iri a ciki wanda maɓalli ɗaya za ka danna ya kama bugawa da kansa. A Jamaika, a 1985, wani saurayi Wayne Smith ya ɗora waƙa a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan kiɗe-kiɗe na cikin Casio MT-40, kuma daga nan kiɗan rege ya juya zuwa na'ura, makaɗa da yawa suka rasa aiki. Wata matashiyar ma'aikaciyar kamfanin, Okuda Hiroko, ita ta tsara wannan kiɗan tana zaune a ofis a Japan. Abin da ya sami Jamaika shi ya same mu, illa dai mu ya ɗan makara da kamar shekara goma.

Kafin fiyano ya iso, sai da aka share masa hanya, kuma mu mutanen wannan yanki shaidu ne. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta manyan hanyoyi zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, a shirin da aka tsara zai shayar da kimanin hekta 22,000. Manomin da a da in ya gama girbi sai cin rani, ya koma yana noman alkama da tumatir da rani, shinkafa da damina. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, kuɗi suka ƙara shigowa hannun manoma. Me aka saya da su? Bayan aure da kwanon rufi, sai babur da rediyo mai kaset. National ne, Sharp ne, Sony ne, kaset ɗin kuma TDK ko Maxell, daga baya bidiyo ta zo, duk daga ƙasa ɗaya. A daidai wannan lokaci kuma gayya ta fara ja da baya, domin aikin fadamar gwamnati na 'yan ƙwadago ne da tarakta, ba a cika neman mai gangar noma ya tsaya a bakin kunya yana zuga samari ba. Rediyon da aka rataya a reshen bishiya ita ta gaje shi. Kunnen manomi ya saba da jin kiɗa ba tare da ganin makaɗi ba.

Mu tuna kuma yadda kiɗa yake a ƙasar Hausa a wancan zamani. Sana'a ce ta gado, kuma kowane kayan kiɗa da mutanensa: kalangu na mahauta, kotso da taushi na fada, gangar noma ta manoma, dundufa ta maƙera. Makaɗi komai shahararsa maroƙi ake ɗaukarsa, ɗan malam ko ɗan attajiri ba ya rataya ganga. A ɗaya gefen kuma ga rubutacciyar waƙa, ta su Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu, wadda ake rerawa da murya zalla, ba ta neman kiɗa, tana ma ƙyamarsa. Tsakanin waɗannan gidaje biyu akwai katanga, kuma fiyano ne ya rushe ta.

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Matasan da suka shiga harkar sun tashi ne da kallon finafinan Indiya a silimun Kano da talabijin, don haka suna son waƙa tsakanin saurayi da budurwa, abin da makaɗan gargajiya ba su saba yi ba, ga shi kuma ɗauko makaɗi da 'yan amshinsa sai an kashe kuɗi. Kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a bincikensa, a tsakiyar shekarun 1990 ne situdiyon Iyan-Tama a Kano ya sayo fiyano ƙirar Yamaha PSR, sauran kuma suka bi sahu. Na'urar tana da muryoyi da yawa a cikinta, kuma samarin suka yi ta laluben waɗanda suka yi kama da na gida, wannan ya yi kusa da sarewa, wancan da bandiri, wancan kuma da kalangu. Mutum ɗaya, da yatsu goma da janareta, ya zama shi ne makaɗi shi ne mataimakansa. A 1999 kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, waƙarsa kuwa ta cika gidajen biki da tashoshin mota, ta ƙetara har Nijar. A watan Yuni na wannan shekarar Alhaji Mamman Shata ya rasu. Ba mu ce ɗaya ne ya jawo ɗaya ba, amma mai rubuta tarihi da wuya ya sami shekarar da ta fi wannan dacewa ya ja layi.

Akwai masu ganin duk abin da ya biyo baya lalacewa ce. Mu ba ma cikinsu. Fiyano ba shi da dangi, ba a gadonsa, ba a ce wa mai kaɗa shi maroƙi, saboda haka ya buɗe ƙofa ga ɗan boko da almajiri da 'ya mace. Fati Nijar da Maryam A. Baba sun sami fili. Masu begen Annabi da suka saba da mandiri su ma da yawa suka koma situdiyo. Kuma daga cikinmu marubuta aka sami Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, wanda ya fara da rubuta littattafai kafin ya ɗauki rubutacciyar waƙa mai ƙwar biyar da amsa-amonta ya ɗora ta a kan kiɗa, ta shiga kunnen waɗanda ba za su taɓa buɗe diwani ba. Ɗalibanmu na sakandare da muke fama da su su haddace baiti biyar na manhaja, sai ka ji sun rero waƙar minti goma ba tuntuɓe.

Inda muke da magana shi ne wajen karin sauti. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma ma'ana tana rataye a kan wannan hawa da saukar. Mu Kurawa, da garinmu ya yi suna da rini har Buzaye suna neman rawanin ɗan Kura daga cikin Sahara, muna da misali a bakin ƙofa. Ka ce baba, ka fara ƙasa ka hau, mahaifi ke nan. Ka fara sama ka sauko, uwa ce ko gwaggo. Ka riƙe sama duka biyu, ka koma marina, baban rini ke nan. Kalangu yana iya faɗin waɗannan duka uku, domin makaɗi yana matse tsirkiyar a hammata yana saki, fatar tana bin muryar mutum. Shi ya sa ake cewa kalangu yana magana, kuma shi ya sa waƙar Shata take tafiya da harshe kamar zance. Marigayi Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna cewa mawaƙanmu har amsa-amon karin sauti suke yi a ƙarshen ɗango, ko da ba su san sunansa ba. Fiyano kuwa an yanka sautinsa ne gida goma sha biyu daidai wa daida bisa tsarin Turawa, kalangun da ke cikinsa kuma hoton kalangu ne, bugu ɗaya aka ɗauka aka adana. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce tsarin aikin ya juye. Da, magana ce take zuwa, kiɗa ya bi ta. A situdiyo sau da yawa kiɗan ne a gaba, wani lokaci ma an aro karin daga fim ɗin Indiya, sai a ce wa marubuci ya cika gurbi. Nan ne za ka ji an ja gajeren wasali an gajarta dogo, an ɗaga inda harshe ya sauke, har mai sauraro ya rasa ko mahaifi ake kira ko marina za a tafi. Laifin na mai alƙalami ne fiye da na na'ura, don mawaƙan da suka san harshen, a kan wannan fiyanon dai suke waƙa kuma ba a jin karaya.

Bayan fiyano sai kwamfuta ta shigo, tare da manhajar Auto-Tune da aka ƙirƙira a Amurka a 1997 don gyara muryar da ta kauce. Situdiyoyin Kano da Kaduna da Sakkwato suka murɗa ta har ƙarshe, murya ta koma tana rawa kamar ta aljana, kuma wannan ya zama tambarin waƙar nanaye. Har wani Buzu makaɗin jita daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato a 2008 ya naɗi kundinsa na farko da irin wannan murya, waƙoƙin suka yi ta yawo a wayoyin mutanen Sahara kafin sunansa ya kai Turai da Amurka. Su kuwa Japanawa sun wuce nan, domin Yamaha ta ƙera manhajar Vocaloid mai rera waƙa da kanta, kuma tun 2007 suke da wata mawaƙiya, Hatsune Miku, wadda zanen kwamfuta ce, amma mutane suna sayen tikiti su cika zaure don kallonta.

Sai dai mai karatu zai iya tambaya, shin wancan kiɗa mai sanyi irin na su Yoshimura, mu ba mu taɓa yin irinsa ba? An yi, kuma an riga su ma. A Yamai akwai Mamman Sani Abdullahi, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO. A wajen wani taro ya ga wani wakilin ƙasar Ruwanda da fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya lallashe shi ya sayar masa, a 1974. Ya zauna yana ɗauko karin waƙoƙin Fulani da na Buzaye da na sauran mutanen Nijar yana kaɗa su a hankali, ba murya, sai sauti mai shimfiɗa kamar hamada da ɗan bugun ganga a ƙarƙashi. A 1978 ya naɗi kundinsa a gidan rediyon ƙasa, watau shekarar da su Sakamoto suka kafa ƙungiyarsu, shekara huɗu kuma kafin faifan Yoshimura. Kaset kaɗan ƙwarai aka buga. Amma rediyo da talabijin na Nijar suka riƙa sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye shekara da shekaru, har ya zama mutanen ƙasar sun san sautin sarai, da yawa ba su san mai shi ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, shi ya ci karo da kaset ɗin a gidan tarihi na Yamai, ya nemi mai shi, aka sake buga kundin a 2013, Mamman Sani ya tafi Turai yana wasa bayan ya manyanta. A wannan shekarar dai kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano, a kan faifan garmaho, don masu saye a ƙasashen waje.

Bayan Mamman Sani an sami wani matashi a Yamai da ake kira Hama, direba ne, wanda ya sami tsohon fiyano Yamaha PSR-64 ya riƙa kaɗa waƙoƙin makiyaya da na ayari da na biki a kansa. Shi ma kiɗansa ya daɗe yana yawo daga memori zuwa memori ba suna, kafin a buga masa kundin Torodi a 2015, sa'an nan Houmeissa a 2019, wanda shi kuma a kwamfuta ya haɗa shi.